Masu yara matasa a Jos, don Allah ku fassara min Hausar yaran nan

Maman Samari, Angwan Rogo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya kuma da gaske nake, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Yarana biyu ne suka fara tasawa, namijin yana aji biyar na sakandare, macen tana aji uku, to wallahi in suna hira da abokansu ko a waya sai in ji kaman ba Hausa suke yi ba, alhali a nan Jos aka haife ni a nan na girma, Hausa da buroka duk ina ji daidai gwargwado, amma wannan nasu ya fi ƙarfina.

Kullum sai na ji sapa, ko wai ba kanta, ko kuruz ne kawai, ko a turo aza. Rannan macen take ce wa ƙawarta wai wance ta ci birekfas, suna ta jimami kaman an yi rashi, ni kuma na san birekfas karin kumallo ne, to me ye abin jimami a ciki. Akwai wani wai riz, akwai besti, sannan in suna rubutu sai su riƙa sa hoton ƙoƙon kan mutum, wannan kam har gabana yake faɗuwa in na gani.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na ji abokin yaron ya leƙo ta taga yana ce masa Baba yau akwai caji kuwa, shi kuma ya ce a bari sai dare. Ban ce komai ba amma ban yi barcin kirki ba. Babansu yana aiki a Abuja sai ƙarshen wata yake zuwa, ni kaɗai ce a kansu, kuma kowa ya san yadda unguwanninmu suka koma da maganar shaye-shaye da 'yan sara-suka. Bana son in zargi yarona a kan abin da bai yi ba, bana kuma son in zauna ana magana a gabana ban san me ake cewa ba. Don Allah wanne ne wasa a cikin kalmomin nan, wanne ne ya kamata uwa ta tashi tsaye in ta ji?

Ɗan Bauchi Road

Wa alaikumus salam Mama, Allah ya ƙara girma. Ni ɗalibi ne a Unijos, ban girmi yaron naki da nisa ba, bari in faɗa miki yadda muke nufi da su.

Da farko ki kwantar da hankali, yawancin abin da kika lissafo ba komai a ciki. Kin san yadda Jos take, aji ɗaya za ki samu Bahaushe da Birom da Afizere da Angas da Bayarabe da Ibo, to maganarmu ma haka ta cakuɗe, wasu kalmomin namu ne na Hausa aka murɗa su, wasu daga buroka na kudu suka hauro, wasu kuma TikTok ne ya kawo su daga Amurka da Ingila.

Sapa shi ne aljihu ya bushe, ba ko sisi. Ba kanta ma kusan haka ne sai dai ya fi faɗi, in abu bai yi daɗi ba ko jarrabawa ta yi tsauri ko gida ba a ɗora tukunya ba duk sai a ce ba kanta. Kishiyarsa ta fashe, wato an samu. Aza lambar akawun ce, in aka ce turo aza ana nufin ba ni lambarka in tura maka kuɗi. Kuruz zolaya ce, mutum zai faɗi magana in ya ga an ɗauke ta da zafi sai ya ce kuruz ne kawai, wato wasa nake. Birekfas kuma shi ne a yaudari mutum a soyayya ko a rabu da shi ba shiri, ana ce masa haka ne wai don kowa sai ya ci nasa ko ba jima ko ba daɗe, shi ya sa kika ga suna jimami. Riz iya zance ne, irin saurayin da bakinsa ke da zaƙi wajen tsara mace, daga Turanci ya zo, har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe shi kalmar shekara a 2023. Akwai ɗan uwansa sitiz da ya yi tashe a 2024, shi kuma iya ɗaukar wanka ne da tafiya da aji, mutum ya sa kaya ya natsu kaman ba abin da ya dame shi. Japa daga Yarbanci ne, a gudu a bar ƙasa.

Namu na Hausa ma suna nan da yawa, ba yawa na nufin ba damuwa, mu ware na nufin mu tafi, wanka ba na ruwa da soso ba ne kwalliya ce, Baba kuma haka muke kiran juna, ba wai an mai da yaro uba ba. Wani da zai ba ki mamaki shi ne shege. Mu a gida zagi ne mai nauyi, amma 'yan kudu suka ɗauka suka mai da shi wahala, in ɗayansu ya ce ya ga shege yana nufin ya sha wuya, sai ga shi ya dawo mana ta waya, yanzu yaran Hausawa ma suna cewa mun ga shege a layin mai. In kin ji wannan a bakinsu ba zagin kowa suke ba, ko da yake ni ma bana faɗinsa a gaban manya.

Ƙoƙon kan nan kuwa dariya ce zalla Mama, wato dariya ta kashe ni. Har mai hawayen nan ma yawanci dariya ake nufi da shi.

Saura caji, shi kam ba zan ɓoye miki ba fuska biyu gare shi. Da yadda wuta take a garin nan kowa wayarsa a mace take, tambayar ko akwai caji ko a kai waya shagon caji abu ne na kullum, kuma a bari sai dare zai iya zama lokacin da ake sa ran kawo wuta ko ta da janareta. Amma masu shaye-shaye ma suna cewa sun yi caji in sun sha abinsu ya hau kai. Kalmar kaɗai ba za ta gaya miki wanne ne ba, sai kin duba wane ne abokin, ina suke zuwa da daren, da wane yanayi yake dawowa.

Malamin Hausa, Nasarawa

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Ɗalibin nan ya yi bayani mai kyau, ni ƙari zan yi ta ɓangaren da na sani, don ina koyar da Hausa a sakandare kuma kullum da yaran nan nake wuni.

Wannan abin yana da suna a nazarin harshe, sara ake ce masa, kuma ba yau aka fara ba. Kowane rukuni na mutane yana da tasa, 'yan tasha suna da Hausarsu, mahauta suna da tasu, 'yan kasuwar Terminus in suna ciniki a gabanka akwai abin da za su faɗa wa juna ba ka gane ba. Ke ma Hajiya in kin tuna ai mun yi zaurance muna yara, a ce zodo mudu tada fidi maimakon zo mu tafi, don kawai kar manya su gane ina muka nufa. Mu ne muka kira naira ashirin muri saboda hoton Janar Murtala da ke jikinta tun da aka fito da ita a 1977, muka kira naira hamsin wazobiya da ta zo a 1991. Ɗan gaye da kwalisa da ta haɗu duk sara ce a lokacinsu, yau har tsofaffi na faɗinsu ba wanda ya ɗaga kai. Sara kamar yayin atamfa take, wata a daina ta kafin Sallah ta zagayo, wata kuma ta zauna har a manta sabuwa ce. Wasu ma har ƙamus suke shiga, Oxford sun sa Kannywood a 2020, sannan a farkon 2025 aka sanar sun ƙara japa da suya.

Abin da ya canza shi ne sauri. Da sai kalma ta biyo direban mota ko ɗan ci-rani daga Kano ko Legas kafin ta iso Jos, yanzu a dare ɗaya yaro a Gangare zai ji abin da yaro a Landan ya faɗa. Shi ya sa iyaye suka kasa bin sawu, ba wai kunnenku ne ya lalace ba.

Ni abin da ya fi damuna ba sara ba ce, rubutu ne. Yaro ya saba da ykk da lfy da ngd a waya, wato ya kake da lafiya da na gode, ya saba rubuta xan xo maimakon zan zo, qasa maimakon ƙasa, sai ya shigo da su cikin insha'i, kuma masu duba WAEC da NECO ba sa yafe wannan. Na biyu, da yawansu sun san riz amma ka ce su kawo karin magana uku sai su yi shiru, ka ce wa yaro ya gaida surukin yayarsa bai san me zai ce ba bayan sannu. Ban hana su sararsu ba, abin da nake gaya musu a aji shi ne kowace magana da wurinta, ta majalisa daban, ta gaban uba daban, ta takarda daban.

Shawarata ki tambaye su kai tsaye lokacin da ake raha, ba lokacin faɗa ba. Yara suna son a ce su ne malamai, za ki ga suna rige-rigen fassara miki, kuma kalmar da yaro ya yi inda-inda a kanta ita za ki riƙe.

Alhaji Na Gangare

Malam ka yi haƙuri amma ni ban yarda duk wasa ba ne. Yaron da zai kira ubansa tsoho ko fofsi, uwarsa momsi, ya buɗe baki kowace magana sai ya ce Yasin ko Ƙur'an a kan abin da bai kai ya kawo ba, wannan ba yayi ba ne rashin tarbiyya ne, kuma rantsuwa ba abin wasa ba ce. Mu da muka yi zaurance ai ba mu taɓa yin sa a gaban iyayenmu ba, kunya ba za ta bari ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A gidana ba mai riƙe babbar waya sai ya gama sakandare, bayan isha'i kuma an rufe ƙofa. Hajiya ki kira babansu ki gaya masa maganar cajin nan yau ɗin nan, kar ki jira ƙarshen wata, yaro namiji a wannan shekarun yana bukatar jin muryar ubansa ko ta waya ce.

Mai Kemis

Salam. Hajiya ni shagon magani nake tsaro, don haka ɓangaren da kike tsoro shi nake gani da idona, bari in ba ki sunayen da in kin ji su ba maganar kuruz.

Roci, shi ne Rohypnol, maganin barci ne mai ƙarfi, yakan bar shuɗi a harshen wanda ya tsotse shi. Tiramol, wato tramadol, na asibiti da hukuma ta amince da shi mai 50 ne da mai 100, amma wanda ke yawo a hannun yara za ki ji ana cewa mai 200 ko 225, in kin ji yaro yana ambaton waɗannan lambobin haka kawai to ki bincika. Egzol maganin masu ciwon karkarwar jiki ne amma sun mai da shi abin maye. Kodin shi ne maganin tari, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu 2018 bayan binciken da BBC ta yi, amma har yau ana samunsa ta bayan fage, kuma cikin robar lemo ake juye shi, yarinya ko yaro na riƙe da lemo a hannu ba wanda zai zargi komai. Sai sholisho da ake shaƙa, sai sukudai, wani sinadari mai bugarwa, sai wiwi da yanzu aka sa mata sababbin sunaye irin su laud da kolos, shi kolos ɗin ma ba ganye zalla ba ne, sinadari ake fesa masa, shi ne kike ganin yaro ya faɗi a titi yana birgima.

Ba ƙaramin abu ba ne, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Na faɗi wannan ne don kar a zuba ido kan namijin kaɗai.

Amma gaskiyar magana, mai sha na gaske ba ya faɗin sunan abin a gaban uwarsa, sai dai ya ce kaya ko abin nan, kuma sunayen suna canzawa da zarar manya sun gane su. Jikinsa ne ba ya iya ɓoyewa. Barcin rana mai nauyi da rashin barcin dare, ido ja ko a lumshe, magana tana jan harshe, cin abinci ya ƙaru sosai ko ya ɗauke, saurin fushi, kuɗi ko ƙananan kaya su fara ɓata a gida, ya bar tsofaffin abokai ya koma wa waɗanda ba ya so ki gani, yawan tsotsar alawa mai ƙamshi da fesa turare in zai shigo. In ba ki ga ko ɗaya ba, mai yiwuwa cajin waya ne. In kin gani kuma don Allah kar a fara da duka ko kora, wanda aka kora daga gida wajen masu sayarwar yake komawa. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba kamu kaɗai suke yi ba, suna da sashen ba da shawara, sannan asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo yana da likitocin ƙwaƙwalwa da ke duba irin wannan.

Maman Samari, Angwan Rogo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi na ji sanyi a raina. Alhaji na ji shawararka zan kira babansu. Mai Kemis alamomin nan ban ga ko ɗaya a jikinsa ba Alhamdulillah, yana sallarsa yana cin abincinsa, amma zan ƙara sa ido. Abu biyu suka rage min, besti ɗin nan da macen ke yawan faɗa ba wanda ya taɓo shi, sannan azar nan, yaron da ba ya sana'a me zai sa a riƙa tambayarsa lambar akawun?

Antin Yara, Rikkos

Yaya ta, besti aminiya ce ko amini, wadda kuka fi shaƙuwa. In mace ce ƙawarta ba komai. Inda ake samun matsala shi ne yanzu 'yan mata suna kiran namiji besti, wai ba saurayi ba ne aboki ne kawai, ana hira har tsakar dare ana turo hotuna, kuma sau da yawa sunan ne kawai aka canza don a samu sauƙin shigewa gaban iyaye. To ki tambaye ta cikin hira wace ce bestin nan taki, kawo ta gida mana in gan ta. Daga amsar za ki gane. Kirosh kuma wanda take so a zuci ne ba tare da ya sani ba, wannan kam kusan kowace yarinya a shekarunta tana da shi, kar ki tsorata. Wanda za ki tsorata da shi shi ne in kin ji ana maganar shuga dadi, wato babban mutum mai kashe wa yarinya kuɗi don ya neme ta, ko hukof, wato haɗuwa da namiji don lalata a biya kuɗi, ko wani babba yana biya mata kuɗin kati da data, ko ki ga sabon abu a hannunta da ba ke kika saya ba.

Alhaji da girmanka, maganar rantsuwa da kiran uba tsoho ina bayanka ɗari bisa ɗari, amma ƙwace waya ba ya hana su jin kalmomin nan, a makaranta da Islamiyya da wajen ɗiban ruwa duk ana yi, kuma na ga yaran da aka hana a gida suna aron ta ƙawaye suna buɗe shafin da iyaye ba su san da shi ba, wannan ya fi haɗari. Ni ƙannena mata uku ne a hannuna tun rasuwar mahaifiyarmu, abin da ya yi min aiki shi ne waya tana kwana a ɗakina, na san lambar buɗe ta kuma sun san na sani, bana leƙawa a ɓoye. Ranar da wani ya turo wa ƙaramar maganar banza ita da kanta ta kawo min, don ta san ba da mari zan fara ba.

Ɗan Bauchi Road

Mama maganar aza, yawanci ƙananan abu ne, karo-karon kuɗin ƙwallo, ko wani ya ranci ɗari biyar zai mayar, ko an haɗa kuɗin data. Amma tambayar taki tana kan hanya, don akwai wanda ya kamata ki ja masa kunne a kai tun yanzu. 'Yan yahu, wato masu damfara ta intanet, ba sa son kuɗin da suka cuto ya faɗa akawun ɗinsu, sai su nemi ƙananan yara su ce ara min azarka za a turo min saƙo, in ya shigo ka cire ka ba ni ga naka kaso. Yaro yana ganin dubu biyu ta banza ce, bai san akawun ɗin yana ɗaure da BVN ko NIN ɗinsa ba, ko na uwarsa in da sunanta aka buɗe masa, kuma ranar da wanda aka cuta ya kai ƙara mai akawun ɗin EFCC ko 'yan sanda za su fara nema, shi mai aron ya daɗe da sauya layi. Masu ƙwacen waya ma suna yin haka in sun kwashe kuɗin da ke cikin wayar da suka ƙwata.

Kalmomin da ke tafiya da wannan harkar su ne kilayan ko maga, wato wanda ake damfara, sai fomat, wato tsarin ƙaryar da za a yi masa, sai kashawut in kuɗin ya fito. Ofdet kuma ya danganta, wani lokacin labari ne kawai, wani lokacin sabuwar hanyar samun kuɗi ake nufi, ta halak ko akasinta. In akawun ɗin nasa da lambar wayarki aka buɗe, alat zai riƙa shigo miki, in ba haka ba ki ce ya buɗe miki tarihin shige da ficen kuɗin ku duba tare, sunan duk wanda ya turo yana fitowa a jiki.